Mai Duba Marar Lafiya, Wa Ke Duba Shi?

 A shirinmu na kiwon lafiya na yau za mu waiwayi mutanen da muka saba kai wa kukanmu idan jiki ya ƙi daɗi: likitoci, nas-nas, ungozomomi, ma'aikatan ɗakin gwaji, masu shara da wanke-wanke, direbobin motar asibiti, da masu kula da ɗakin ajiye gawa. Za mu duba abin da annoba ke yi wa zukatansu da tunaninsu, da kuma waɗanda alhakin kula da su ya rataya a wuyansu.

Bari mu koma baya kaɗan. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, a birnin Legas. Kano ta samu nata ranar 11 ga Afrilu, ba a yi mako guda ba aka sa dokar kulle. Kafin watan ya ƙare, masu haƙa kabari suka fara cewa yawan gawarwakin da ake kawowa ya wuce abin da suka saba gani. Daga baya ministan lafiya na wancan lokaci, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 korona ce sanadinsu. A tsakiyar wannan ruɗani aka rufe ɗakin gwajin cutar na Kano har na wasu kwanaki. Wato likita yana gaban mai tari da numfashi sama-sama, ba shi da hanyar sanin ko ita ce ko ba ita ba ce. Ku kuma tuna, watanni uku kacal kafin nan, a cikin Janairu, zazzaɓin Lassa ya yi ajalin likitoci biyu a Kanon. Abokan aikinsu ba su gama jimami ba aka ce ga wata ta taho, kuma su ne za su tare ta.

Azumin shekarar ya kama ranar 24 ga Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara. Wanda duk ya yi aiki a cibiyar killace masu cuta, irin ta Kwanar Dawaki ko ta filin wasa na Sani Abacha, ya san yadda kayan kariyar nan suke. Riga ce mai kamar leda tun daga kai har idon sawu, ga takunkumi mai matse hanci, ga tabarau, ga safar hannu ninki biyu, ga takalmin roba. Da zarar an sa, shi ke nan, ba shan ruwa, ba zagayawa bayan gida, ba sosa fuska, har sai an fito. Tabarau ya yi hazo, mutum yana laluben jijiyar da zai sa allura da ƙyar. Zufa ta gangara ta taru a cikin takalmi. In an cire takunkumin, sawunsa na nan a kan karan hanci har washegari. Kuma cire kayan ya fi sa su haɗari, domin kuskure ɗaya a lokacin tuɓewa ya isa mutum ya shafa wa kansa abin da ya wuni yana gudu.

Wannan duk wahalar jiki ce, kuma jiki yana warwarewa idan ya samu hutu. Wadda ta fi daɗewa tana jira ne a ƙofar gida. Mu ɗauki misalin nas mai 'ya'ya ƙanana. Ta dawo daga dutin dare, tana yin sallama ƙaramin ɗanta ya sheƙo da gudu yana oyoyo, ya buɗe hannuwa. Dole ta ɗaga masa hannu, ta ce, "Tsaya nan, kar ka taɓa ni." Ta wuce banɗaki, ta jiƙa kayanta a bokiti, ta yi wanka, sannan ta fito. Yaro bai san komai ba, abin da ya gani shi ne Umma ta kore shi. A ɗaki kuma ga surukarta ko mahaifiyarta, tsohuwa mai hawan jini da ciwon suga, irin waɗanda ita da kanta ta ga cutar tana kayarwa. Duk tarin da aka yi a gidan cikin dare sai gabanta ya faɗi, ta kwana tana lissafin inda ta yi sakaci. Wasu ma'aikatan sun ware wa kansu kwano da kofi, wasu sun koma kwana a zaure ko shago, wasu sun tura iyali ƙauye, suka yi salla ba su ga 'ya'yansu ba.

A waje kuma wuta biyu ce. Wasu na cewa babu korona, ƙarya ce ta cin kuɗi, suna kallon ma'aikacin lafiya a matsayin wanda aka haɗa baki da shi. Wasu sun yarda akwai ta, sai suka mai da shi abin gudu: maƙwabta su hana 'ya'yansu shiga gidansa, mai shago ya karɓi kuɗinsa da ɗan yatsa. Mutum ya wuni yana kallon numfashin wani yana yankewa, ya fito ya tarar da majalisa ana yi masa dariya. Ni a ganina wannan ya fi rashin kayan aiki ciwo, domin daga wurin mutanensa ya fito.

To me irin wannan zama ke haifarwa? Na farko gajiya ce wadda barci ba ya maganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2019 ta bayyana wannan yanayi a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, ta kuma faɗi alamunsa uku: ƙarewar ƙarfi, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya daina jin tausayin da ya saba ji, sannan ya riƙa ganin ba ya tsinana komai. Idan kun taɓa haɗuwa da nas ɗin da kuka sani da fara'a, kuka tarar ta koma mai tsawa da ɗaure fuska, kada ku yi saurin cewa halinta ne ya fito. Sau da yawa rijiyar ce ta ƙafe. Bayan wannan akwai fargaba mai hana sukuni, da rashin barci, da ciwon damuwa mai sa mutum ya daina jin daɗin abinci da hira da duk abin da yake so a da. Akwai kuma firgicin da ke biyo bayan ganin tashin hankali, inda fuskar wani majinyaci ke dawowa a mafarki, ko ƙarar na'ura ta sa zuciya bugawa ko da mutum yana zaune a gidan biki.

Akwai wani nau'in da nake so mu daɗe a kansa, domin shi ne wanda ma'aikata suka fi ɓoyewa. Masana sun fara lura da shi ne a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙi, sai ga shi annoba ta nuna shi a asibiti. Ciwo ne da ke kama mutum idan hali ya tilasta masa aikata abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, ko ya kasa yin abin da ya san shi ne daidai. Tukunyar iskar oksijin ɗaya ce ta rage, majinyata biyu na haki. Ɗaya dattijo ne, ɗaya matashiya ce. Likita ba shi da minti goma na yin shawara, kuma duk wanda ya zaɓa, ɗayan yana kallonsa. Ko kuma 'ya'yan mutum na bakin ƙofa suna roƙo, "Sista, don Allah ki bar mu mu gan shi ko sau ɗaya ne," ita kuma doka ta hana, dole ta ce a'a. A al'adarmu mutum yana cikawa ne a hannun nasa, ana riƙe da shi, ana laƙƙana masa kalmar shahada. A kwanakin nan nas ce ta tsaya a matsayin ɗa da 'ya da ƙani, muryarta na fitowa ta bayan takunkumi, sannan ta juya ta nufi gado na gaba ba tare da ta samu ko minti biyar na share hawaye ba.

Wanda ya shiga irin wannan ba ya cewa "na gaji." Abin da yake faɗa wa kansa cikin dare shi ne, "Da na yi kaza da bai mutu ba," ko "Allah zai tambaye ni." Yana ɗaukar laifin da ba nasa ba. Ba shi ya hana a sayi oksijin ba, ba shi ya ƙayyade yawan gadaje ba, amma shi ne ya ga idon mamacin, don haka shi ke biyan bashin. Kiran irin wannan mutum jarumi ba ya rage masa komai. Wani lokacin ma ƙara masa nauyi yake yi, domin an riga an gaya masa jarumi ba ya kuka.

Kada wani ya zaci wannan rauni ne na mutanenmu kawai. A farkon 2020 an yi bincike a ƙasar Sin kan ma'aikatan lafiya 1,257 a asibitoci 34. Kusan rabinsu sun nuna alamun ciwon damuwa, kimanin kashi 45 cikin 100 na fama da fargaba, kashi ɗaya bisa uku ba sa samun barci, kuma abin ya fi tsanani ga mata da nas-nas da waɗanda ke gaba-gaba wajen duba masu cutar. Tsoron nasu kuwa yana da dalili: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2020 da Mayun 2021, ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 ne korona ta kashe a duniya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne darasin birnin Toronto na Kanada, wanda ya sha fama da cutar SARS a 2003. Da aka koma aka bincika ma'aikatan fiye da shekara guda bayan cutar ta wuce, sai aka tarar waɗanda suka yi jinyar masu ita sun fi takwarorinsu gajiyar zuciya da damuwa, wasu sun rage hulɗa da majinyata, wasu sun ƙara shan taba da barasa. A watan Mayun 2023 aka sanar da cewa korona ta daina zama barazanar gaggawa ga duniya. Sanarwar ba ta shiga zukatan waɗanda suka yi aikin ta goge abin da ke ciki ba.

A birnin New York na Amurka akwai wata likita, Dakta Lorna Breen, shugabar sashen gaggawa na wani asibiti. Ta kamu da korona, ta ɗan murmure, ta koma bakin aiki a lokacin da majinyata suka fi ƙarfin asibitin. A watan Afrilun 2020 ta kashe kanta, tana da shekara 49. Iyalinta sun bayyana cewa babban abin da ya tsorata ta shi ne kada neman taimako ya jawo mata rasa lasisin aiki da mutuncinta a idon abokan sana'a. A 2022 Amurka ta yi doka da sunanta don tallafa wa lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya.

Wannan tsoro nata muna da shi a nan, har da ƙari. Hausawa na cewa wanzami ba ya son jarfa. Likitan da ke tura wasu wurin likitan ƙwaƙwalwa, shi in abin ya zo kansa sai ya noƙe, domin asibitin da zai je, abokan karatunsa ne a ciki, kuma fayil ɗinsa zai bi ta hannun mutanen da yake gaisawa da su kullum. Ga kuma tarbiyyar da aka yi mana ta cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya raki, mace ta yi haƙuri. Wanda ya daure ya furta damuwarsa, amsar da ya fi samu ita ce, "Ka ƙara tawakkali." Addu'a da tawakkali ginshiƙai ne, da su mutane da yawa suka tsallake waɗannan kwanaki. Amma malamanmu sun sha faɗa cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Ba wanda ke ce wa mai karaya imaninsa ne ya yi rauni, ɗori ake kai shi. Mai ciwon damuwa ma haƙƙinsa ke nan.

Akwai rukunin da ko a bincike ba a cika tunawa da su ba. Mai shara ce ke kwashe amai, ita ke naɗe zanen gadon wanda ya rasu. Lebura ne ke tura gawa. Mai gadi ne ke fuskantar fushin 'yan uwan da aka hana shiga. Da yawansu ma'aikatan wucin gadi ne, in an zo rabon takunkumi su ne na ƙarshe, in an kira taron bayani ba a gayyatarsu, don haka suna aikin ne cikin jita-jita da tsoro. Su kansu manyan ma'aikatan, lokacin da annobar ta zo alawus ɗin haɗarin da ake ba su naira 5,000 ne a wata. Zuwa farkon Yunin 2020 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ce ma'aikatan lafiya 812 sun kamu, kuma a cikin watan ne ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta tafi yajin aiki kan kayan kariya da alawus. Wanda ke tunanin wa zai riƙe masa 'ya'ya in ya mutu, ba za a kwantar masa da hankali da lacca kan motsa jiki ba.

Shi ya sa nake cewa kaso mafi girma na maganin yana hannun shugabannin asibitoci da gwamnatocin da ke ɗaukar ma'aikata. Tun a watan Maris na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarwari masu sauƙi: a riƙa juya ma'aikata tsakanin ɓangare mai zafi da mai sauƙi, a haɗa sabon hannu da gogagge su riƙa lura da juna, a tabbatar ana hutu a tsakiyar aiki, a riƙa gaya wa kowa gaskiyar halin da ake ciki. Yawancin waɗannan tsari suke buƙata fiye da kuɗi. Ɗakin hutawa mai fanka da ruwan sha, abinci ga masu dutin dare, motar mai da su gida a ranar kulle, jadawalin da ba zai sa mutum ya yi sa'a talatin da wani abu a tsaye ba. Kuma hukunci mai nauyi, irin na wa za a ba oksijin, ya zama akwai ƙa'ida a rubuce da babban likitan da za a kira, don kada ƙaramin ma'aikaci ya ɗauki nauyin shi kaɗai da tsakar dare.

Ga wani gargaɗi da masana suka yi, wanda masu kyakkyawar niyya ke yawan kuskurewa. Tara ma'aikata a ɗaki ɗaya bayan wani tashin hankali, a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani, an gano ba ya hana ciwon, wani lokacin ma yana fama shi. Abin da ya fi amfani shi ne a buɗe ƙofa a bar ta a buɗe: wanda ya shirya magana ya samu mai sauraronsa cikin sirri, ba tare da ta shiga takardar ƙarin girmansa ba. Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 200 zuwa 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Amma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai sassan kula da ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, kuma ana iya horar da likitoci da nas-nas na gama-gari su gane ciwon damuwa su fara maganinsa. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ma'aikacin asibiti ma ɗan ƙasa ne, dokar ta shafe shi.

Yanzu gare ku, iyalan ma'aikatan lafiya. Maigida, idan matarka ta dawo daga aiki ta yi shiru, kada ka fara da tambayar ina abinci. Uwargida, idan mijinki ya koma mai saurin fushi, yana juyi a gado har asuba, ki lura. Ba sai kun iya ba da shawara ba. Ku zauna kusa, ku saurara, kada ku katse da "ai kowa ma haƙuri yake yi." Idan rashin barci, ko ƙin cin abinci, ko yawan kuka, ko janyewa daga mutane ya wuce mako biyu, lokacin ganin likita ya yi. Idan kuwa kuka ji mutum yana cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu ya huta, kada ku ɗauke shi wasa, kada ku bar shi shi kaɗai, ku raka shi asibiti a ranar. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa ba ta sa masa tunanin a rai, sau da yawa ita ce ke ba shi damar buɗe baki.

Kai kuma ɗan'uwa ma'aikacin lafiya, ke 'yar'uwa Sista, akwai haɗari ɗaya da ya fi kusa da ku fiye da kowa, shi ne makullin kabad ɗin magani. Ƙwayar barci ɗaya yau, allurar kashe zafin ciwo gobe, da sunan a samu a runtsa. Kun fi mu sanin inda wannan hanya take ɓullewa. Kada ku rubuta wa kanku magani. Ku nemi abokin aiki ɗaya da kuka amince da shi, ku yi alkawarin tambayar juna da gaske, ba gaisuwar "ya aiki, da godiya" kawai ba.

Jama'a, annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kwalara ta yi ɓarna a 2021, mashaƙo ya cika asibitocin Kano da yara a 2023, Lassa da sanƙarau kuwa kusan kowane rani sai sun leƙo. Ma'aikatan da suka rage bayan da yawa sun tafi ƙasashen waje, su ɗin dai za a sake kira, kuma wasunsu har yau ba wanda ya tambaye su yadda suka kwana tun 2020. Ina kira ga shugabannin asibitoci da kwamishinonin lafiya, a cikin shirin ko-ta-kwana na annoba, inda aka rubuta takunkumi da safar hannu, a rubuta hutun ma'aikata da wanda zai saurare su cikin sirri, har da masu shara da masu gadi, a kuma ware masa kuɗi tun yanzu. Limamai da fastoci, ku faɗa a kan mumbari cewa ciwon damuwa ciwo ne, kuma yana da magani. Kai kuma mai sauraro, idan akwai ma'aikacin asibiti a danginku ko unguwarku, ka je ka gaishe shi a makon nan, ka tambaye shi lafiyarsa, ka kuma tsaya ka ji amsar.